Tattasai Ya Nuna, Baya Ya Ƙage: Abin Da Yoga Za Ta Iya Yi Wa Uwaye A Kwarin Komadugu

Kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba ƙasar Nijar da Najeriya tsawon kilomita wajen 150 kafin ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso, shi ne rumbun jihar Diffa. Ruwansa daga nesa yake tasowa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, dalili ke nan ba ya batsewa sai damina ta wuce. Sa'ad da manoman wasu jihohi suka kai gero rumbu suka miƙe ƙafa, a lokacin ne aiki ke kai wa mutanen Shetimari da Diffa da Geskeru iya wuya, domin tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinari, ba ya jiran kowa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin garka ya san yadda aikin yake. A duƙe ake dashe, a duƙe ake cire ciyawa, a duƙe ake jan ruwa da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. In tattasai ya nuna kuma, a duƙe ake tsinka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har sanyin hunturu ya wuce. Sa'an nan a shanya, a juya, a tattara, a danna cikin buhu, a ɗora a ka ko a kafaɗa. Mai shinkafa a gandayen ban-ruwa shi ma haka yake wuni, ƙafa cikin laka, kai a ƙasa. Mace kuwa sau da yawa da goyo take yin nata rabon, in ta komo gida ga turmi, ga tulu, ga itace, ga tukunya, ga ƴaƴa kowa da kukansa. Binciken da aka yi a ƙasar nan cikin shekara ta 2012 ya nuna cewa mace ɗaya takan haifi ƴaƴa 7.6 a matsakaicin lissafi. Na shekara ta 2021 ya sami 6.2. Ko da lissafin ya sauka, gadon baya guda ne ke ɗauke da ciki da goyo da buhu shekara da shekaru.

Bayan nauyin jiki akwai na zuciya. Tun daga ranar 6 ga watan Fabrairu na shekara ta 2015, da ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, zaman jihar ya canza. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an hana cinikin tattasai har zuwa watan Oktoba na 2017, an hana kamun kifi a tafki har zuwa watan Maris na 2019. Mutum fiye da dubu 200 suka bar garuruwansu, waɗansu suka kafa bukkoki a bakin babbar hanyar da ta nufi Ngigmi, waɗansu aka sauke su a sansanin Sayam Foraj. Kogin kansa ya yi ambaliya a shekara ta 2019, ya sake a 2022, ya ci gidaje da gonaki. Uban da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, uwar da ta gudu da dare da yara a hannu, ko an samu lafawa barcinsu ba ya komawa yadda yake. Akwai faɗuwar gaba, akwai ciwon kai, akwai saurin fushi. A kan yara kuwa fushin yakan sauka, domin su ne a kusa.

Ma'aikacin gwamnati da ke cikin garin Diffa kada ya ɗauka maganar ta manoma ce kaɗai. Shi nasa ciwon daga kujera yake zuwa. Ya wuni a biro wuya a sunkuye bisa takardu, ya koma gida ya tarar da baƙi daga ƙauye da kuɗin lakwal na yara. Malamar makaranta da ungozomar asibiti su ma, in sun tashi aiki, wani aikin ke jiransu a tsakar gida.

Abin da jama'a suka saba yi in jiki ya yi tsami sananne ne. A kira mai tallar magani, a sayi ƙwaya biyu ko uku, a kora da shayi, a koma gona. Ƙwayoyi irin su dikulofenak da ibuprofen suna kwantar da ciwo, amma yawan shansu yana kawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga mutumin da ya wuni cikin rana yana zufa bai sha ruwa isasshe ba. Tramol ya fi su haɗari, domin jiki yana sabawa da shi, kullum sai an ƙara, in ya yi yawa kuma yana jawo farfaɗiya. Magidanta da yawa ba don shaye-shaye suka fara shi ba, don su iya gama aikin yini ne. A cikin watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta fitar da jagora game da ciwon baya mai daɗewa. Ta ce a guji ƙwayoyi masu sa maye irin dangin tramol, a guji ɗaure ƙugu da ɗamara ta asibiti. Ta ba da shawarar ilimantar da mai ciwo, da motsa jiki bisa tsari, har da tausa. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya a shekara ta 2020, kuma babu wata cuta da ta kai shi nakasa mutane ga aikinsu.

Mene ne yoga

A cikin hanyoyin motsa jiki da likitoci suka gwada a kan wannan ciwo akwai wadda ake kira yoga. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, ƙasar da Hausawa suka daɗe da sani ta hanyar silima. Kalmar daga tsohon harshensu na Sanskirit ta fito, ma'anarta haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa biyu da karkiya ɗaya. Wani malaminsu mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idodinta fiye da shekaru 1,500 da suka wuce, kuma a wancan zamani hanya ce ta masu zuhudu na addinan can. Yogar da ta bazu a duniya yau, ta miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashe, a ƙarni na 20 ta ɗauki wannan kama, bayan malamai irin su Krishnamacharya na birnin Maisur sun tsara ta a matsayin horon jiki. Ranar 11 ga watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa goyon bayan ƙasashe 177, ta keɓe 21 ga watan Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. UNESCO kuma ta sa ta cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam a shekara ta 2016.

Musulmi zai tambaya, kuma yana da gaskiya ya tambaya: abin da ya fito daga wani addini ya halatta? Malaman wasu ƙasashe sun riga sun duba. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a watan Nuwamba na 2008 saboda abubuwan bauta da ke gauraye da ita. Majalisar malaman Indonesiya, a watan Janairu na 2009, ta rarrabe: wadda ke da karance-karance da bautar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Ƙasar Saudiyya ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a shekara ta 2017. Abin da ake magana a kansa a nan shi ne kashi na biyu, irin wanda ake koya wa marasa lafiya a asibitoci: miƙa gaɓoɓi, ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, jan numfashi a hankali, da kwanciya shiru. Babu kiran sunan wani abin bauta, babu abin da suke kira gaisuwar rana. Ba a kuma haɗa shi da salla. Salla ibada ce mai zaman kanta. Wanda sunan ya tsaya masa a rai ya kira abin miƙa, jikinsa ba zai san bambanci ba.

Amfaninta fa, gwargwadon me? A nan ya kamata a yi magana da awo, domin masu talla a intanet sun mai da yoga maganin kowace cuta. A shekara ta 2017 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston na Amurka a kan mutum 320, yawancinsu talakawa masu ciwon baya. An raba su uku: waɗansu suka yi yoga sau ɗaya a mako har mako 12, waɗansu aka kai su wajen masu gashin ƙashi na asibiti, waɗansu aka ba su littafi kawai su karanta. Masu yoga ba su gaza masu zuwa gashin ƙashi ba wajen samun sauƙi, kuma waɗannan rukuni biyu sun fi masu littafi rage shan ƙwayar ciwo. A shekara ta 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci, ta haɗa gwaje-gwaje 21 da aka yi da mutum 2,223. Ta ga cewa yoga ta fi zama haka nan, amma sauƙin da take kawowa kaɗan ne, kuma ba ta fi sauran motsa jiki na baya ba. Waɗansu ma ciwonsu ya ɗan tashi da suka fara. Watau dai yoga ba ta da wani asiri. Darajarta ga mutumin Diffa a wani wuri take: ba ta cin ko dala, ba ta bukatar fili ko inji, tabarma ta isa, kuma ba ta ɓata ƙoda.

Manomi zai ce, shi da ke wuni yana aiki, wane motsa jiki kuma ya rage masa? OMS ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi a mako, shi kuwa a kwana ɗaya ya wuce wannan. Gaskiya ne, ba ƙarancin motsi ke damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne motsin iri ɗaya ne, gefe ɗaya yake lanƙwasa jiki, awa shida ko bakwai gadon baya yana tanƙware gaba, tsokar bayan cinya da ta ƙugu suna ɗaurewa. Reshen da aka daɗe da tanƙwarawa gefe guda, in ana so ya miƙe sai an mai da shi ɗaya gefen a hankali. Ƴan kokawa sun san wannan. Waɗanda suka halarci gasar takobin ƙasa da aka yi a Diffa a ƙarshen shekara ta 2022 sun ga babu ɗan kokawar da ke shiga fili bai sassauta gaɓoɓinsa ba. Mai tsinkar tattasai yana karawa da abin da ya fi abokin kokawa naci, amma da sanyin jiki yake shiga, da taurin jiki yake fita.

Yadda ake yi

Na farko a gona ake yinsa, kuma ba ya cin minti ɗaya. Duk bayan rabin awa ko in an gama fangali, mutum ya miƙe tsaye, ya dafa ƙugu da tafin hannu biyu, ya karkata baya a hankali kamar mai duban sama, ya komo, sau biyar. Ma'aikacin biro ma haka zai yi in ya daɗe a zaune, ya ƙara da juya wuya dama da hagu.

Sauran a ɗaki ne, bisa tabarma, da safe kafin a karya ko da dare in abinci ya faɗa. Mutum ya kwanta rigingine, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ya riƙe, ya yi numfashi biyar, ya sauya, sa'an nan duka biyu. Ya bar gwiwoyi a tanƙware, ya kwantar da su dama, ya kwantar da su hagu, kafaɗu na manne da ƙasa. Ya dafa ƙasa da tafin ƙafa ya ɗaga ƙugu sama, ya riƙe kaɗan, ya sauke. Wannan ne ke ƙarfafa tsokar da ke tallafe da baya. Daga nan ya juya ya tsaya bisa hannuwa da gwiwoyi, ya turo gadon baya sama in yana fitar da numfashi, ya sake shi ƙasa in yana ja, kamar yadda kyanwa take yi in ta tashi barci. Mutanen Indiya ma sunan kyanwa suka ba wannan. Ya kwanta rubda ciki, ya dogara da gwiwar hannu ya ɗaga ƙirji, ƙugu na ƙasa, abin da suke kamantawa da gamsheƙa. Uwar da ta wuni a tsaye har ƙafafu suka yi nauyi ta kwanta kusa da bango ta jingina su sama minti biyu ko uku. Dukan wannan minti goma ne. Ƙa'ida ɗaya ce: a ji jiki yana jan kansa, kada a ji suka. In ciwo ya harba zuwa ƙafa, a tsaya.

Minti biyar na ƙarshe na numfashi ne, kuma ga mutanen da suka ga tashin hankali wataƙila shi ya fi komi amfani. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai fargaba nasa gajere ne, a ƙirji yake tsayawa. Zuciya kuwa tana bin numfashi: in an ja takan ɗan ƙara sauri, in an fitar takan lafa, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙeya ta sauka zuwa zuciya da huhu da ciki. Saboda haka in mutum ya ɗora hannu bisa cibiya, ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu har ciki ya taso, ya fitar yana ƙirga shida, numfashinsa ya koma wajen shida a minti, bugun zuciya ya sauka, kafaɗu su saki. Uban da yaro ya ɓata wa rai, in ya yi wannan sau goma kafin ya ɗauki bulala, sau da yawa bulalar ba ta tashi.

An gwada irin wannan horon kwantar da hankali a wurin da ya yi kama da Diffa. A arewacin Uganda, a ƙauyuka 14 na ƴan gudun hijirar Sudan ta Kudu, mata 694 suka shiga wani gwaji na wani tsari da OMS ta shirya, aka buga sakamakonsa a shekara ta 2020. Ba yoga ba ce, amma akwai dangantaka, domin a cikinsa ana koya wa mutum ya sassauta numfashi, ya mai da hankali ga jikinsa da abin da ke gabansa in tunani ya taso masa kamar guguwa. Zama biyar ne na awa biyu-biyu, mata 20 zuwa 30 a tare, ana sa musu murya da aka naɗa cikin harshen da suke ji, da ɗan littafi mai hotuna, masu jagora kuwa ba likitoci ba ne, mutanen wurin ne da aka ba horo na ƴan kwanaki. Matan da suka yi zaman sun fi sauran samun sauƙin damuwa, ko da yake bayan wata uku tazarar ta ragu. Abin lura ga hukumomi shi ne kayan aikin: murya, hoto, da mutum ɗaya mai ɗan karatu. Cibiyoyin yaƙi da jahilci da gidajen rediyon jihar suna da ukun nan, da Kanuri da Hausa da Fulfulde.

Akwai waɗanda bai kamata su fara ba sai sun ga likita. Mai ciki ba ta kwanciya rubda ciki, in cikin ya tsufa kuma ba ta daɗewa a rigingine. Mai jego ta bari sai ta yi arba'in ungozoma ta duba ta, wadda aka yi wa aiki ta fi haka jira. Mai hawan jini ya guji duk abin da zai sa kai ya koma ƙasa da ƙirji na tsawon lokaci, kada kuma ya bar maganinsa don ya fara miƙa. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko kumburi a ƙashin baya, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne tun ranar, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Mutanen bakin kogi kuma su tuna da tsargiya: ciwon ƙugu da jini a fitsari ba gajiya ba ce, akwai ƙwayarta a asibiti.

Wa zai riƙe yaro

Duk abin da aka faɗa minti 15 ne, amma a gidaje da yawa minti 15 ɗin nan sun fi buhun taki wuyar samu, ga mace musamman. Namiji in ya dawo yana da inuwa, yana da majalisa, yana da shayi. Mace in ta kwanta da rana sai a ce ko ba ta da lafiya, in ta ce lafiya lau sai a ce ragguwa ce. Ga kuma kunya: uwar gida ba za ta ɗaga ƙafa a bango gaban surukai ba, mai gida ma yana gudun yara su leƙo su gan shi yana miƙar kyanwa su kwashe da dariya. Kunyar tana da magani, labule ne da ƙyaure. Lokacin ne ba ya samuwa sai wani ya ba da shi.

Al'ada ba ta rasa misali ba. Ita ce ta ba mai jego kwana 40 wata tsohuwa na yi mata hidima, ita ce ta san tausa da hutun tsakar rana. Abin da ta manta shi ne uwar da yaronta ya shekara biyu tana da wani cikin, da uban da ya kai hamsin yana ɗaukar buhu kamar saurayi. A gidan da ake shiri, kishiyoyi suna iya karɓar wa juna kamar yadda suke karɓar girki. Ƴa babba tana iya riƙe ƙaninta. Mai gida kuwa, in ya ɗauki ɗansa ya zaga da shi ƙofar gida kwata ɗaya na awa, babu abin da ya ragu daga girmansa, kuma ya fi masa araha bisa kuɗin mota zuwa asibitin Diffa a tsakiyar tsinka.

Wuraren da za a koya ma akwai su. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekara ta 1991, kowane mako suke haɗuwa, mata zalla, a cikin gida, tabarmi a shimfiɗe. Minti goma kafin a buɗe akwati ba za su hana zubi ba. Makarantun mazaje, da aka soma a jihar Damagaram a 2008 domin maza su tattauna lafiyar matansu, nan ne wurin da maganar riƙe yaro za ta fi shiga kunne, tun da namiji ne zai faɗa wa namiji. Lokacin da ya fi dacewa a fara kuwa shi ne bazara, bayan an kwashe tattasai kogi ya janye, da sanyin asuba kafin ma'aunin zafi ya haura 40, domin jiki ya samu wata biyu ko uku yana sabawa kafin a zuba irin sabuwar shekara.